Aman Wiwi: Ciwon da Ya Kamata Salaga, Yendi da Bawku Su Sani

Daga cikin illolin shan tabar wiwi, waɗanda jama'a suka fi sani su ne taɓin hankali da kasala da tari da lalacewar tarbiyya, amma akwai wani ciwo na daban da likitoci ba su gane shi ba sai a farkon wannan ƙarni, wato amai mai tsanani da ke kama mutumin da ya yi shekaru yana shan wiwi kusan kullum, ya yi kwanaki yana galabaitar da shi, ya lafa na makonni ko watanni, sannan ya dawo kamar ba a taɓa yi masa magani ba. Likitoci suna taƙaita sunan ciwon da haruffa uku, CHS, a Hausa kuwa ana iya kiransa ciwon aman wiwi. Saninsa yana da muhimmanci ga garuruwan arewacin Ghana, domin a wannan yanki amai da ciwon ciki alamu ne na cututtuka masu yawa da aka saba da su, kuma duk ciwon da ya zo da irin waɗannan alamu yana iya daɗewa yana cin mutum ana yi masa maganin wani abu dabam.

Garuruwa uku da tabar da ta shigo su

Salaga da Yendi da Bawku tsofaffin garuruwan kasuwanci ne da Hausawa suka daɗe da zama a cikinsu. Salaga, wadda ke ƙasar Gonja kuma a yau take cikin yankin Savannah da aka ƙirƙiro a 2019, ita ce babbar kasuwar goro da fatake daga Kano da Katsina da Sakkwato suke nufa, har zuwa yaƙin basasar 1892 da ya tarwatsa 'yan kasuwarta zuwa wasu zangunan. Yendi ita ce fadar Ya-Na, sarkin Dagbon, Bawku kuwa tana can ƙuryar arewa maso gabas, kusa da iyakar Burkina Faso da Togo, inda Hausa take harshen ciniki tsakanin Kusasi da Mamprusi da Mossi da Bisa. Hanyoyin da suka haɗa waɗannan garuruwa da kudu da kuma ƙasashen maƙwabta su ne arzikinsu, kuma ta kansu ne kayan maye suke zirga-zirga.

Masana tarihi suna danganta yaɗuwar wiwi a Ghana, inda aka fi saninta da wi, da tsofaffin sojojin da suka dawo daga Indiya da Bama bayan Yaƙin Duniya na Biyu, daga baya kuma nomanta ya kafu a wasu sassan Volta da Bono da Ashanti. A yau ba a zuƙar hayaƙinta kaɗai aka tsaya ba, ana dafa ta a shayi, ana jiƙa ta a barasa, ana kuma cuɗa ta a alewa da biskit. A 2020 majalisar dokokin Ghana ta zartar da doka mai lamba 1019, wadda ta kafa Hukumar Kula da Miyagun Ƙwayoyi a madadin tsohuwar hukumar da aka kafa a 1990, ta kuma mayar da hukuncin wanda aka kama da ɗan abin da zai sha shi kaɗai ya zama tara maimakon ɗaurin shekaru. Sashe na 43 na dokar ya ba da damar noman wani nau'in wiwi wanda sinadarin sa maye a cikinsa bai wuce kashi 0.3 cikin 100 ba, don masana'antu da haɗa magunguna; Kotun Ƙoli ta soke sashen a 2022, majalisa ta dawo da shi ta hanyar gyaran doka a 2023. Wasu matasa sun ɗauki wannan a matsayin halatta wiwi da kuma shaidar cewa ba ta da illa, alhali shan ta don maye har yanzu laifi ne, kuma wadda ake sayarwa a lungu ba ita ce wadda doka ta yi magana a kanta ba.

Yadda aka gano ciwon

A shekarar 2004 wani likita mai suna J. H. Allen da abokan aikinsa a Kudancin Ostireliya suka wallafa rahoto a mujallar likitocin ciki mai suna Gut, inda suka bayyana cewa sun lura da mutane 19 masu shan wiwi da ke fama da amai mai zuwa yana komawa, suka kuma bi diddigin 9 daga cikinsu. Abin da suka gani shi ne shan wiwi ya riga ciwon da shekaru, waɗanda suka daina sha sun warke, waɗanda suka koma sha bayan sun samu sauƙi ciwon ya dawo musu, kuma kusan dukkansu suna da wata ɗabi'a ta yawan wanka da ruwan zafi a lokacin da aman ya taso. A 2012 asibitin Mayo da ke Amurka ya fitar da bayanin marasa lafiya 98 masu irin wannan ciwo, waɗanda babu ko ɗaya a cikinsu da ya kai shekara 50, a 2016 kuma aka shigar da shi cikin ƙa'idojin da likitocin ciki na duniya suke bi wajen rarrabe cututtuka, waɗanda ake kira Rome IV.

A 2024 ƙungiyar likitocin ciki ta Amurka ta fayyace sharuɗɗan da ake dubawa kafin a ce mutum yana da ciwon: ya kasance ya fi shekara guda yana shan wiwi fiye da sau 4 a mako, aman ya taso masa aƙalla sau 3 a shekara, kuma ya ɗauke bayan ya daina sha na tsawon lokaci, kimanin wata 6 ko makamancin haka. Ciwon ya ƙara fitowa fili ne saboda abu biyu, yawan masu sha da kuma ƙarfin abin da suke sha. Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 228 ne suka sha wiwi a duniya a 2022, a Amurka kuwa gwajin wiwin da hukuma ta kama ya nuna sinadarin sa maye ya tashi daga kusan kashi 4 cikin 100 a 1995 zuwa kusan kashi 12 a 2014.

Matakai uku na ciwon

Ciwon yana tafiya ne mataki-mataki. A mataki na farko, wanda yake iya ɗaukar watanni ko shekaru, mutum yakan tashi da safe da tashin zuciya da nauyin ciki da fargabar amai, amma yana cin abinci yana zuwa aikinsa, kuma da yake ya ji ana cewa wiwi tana kwantar da zuciya tana buɗe ciki, sai ya ƙara yawan abin da yake sha, yana ganin magani yake yi wa kansa alhali ciwon yake ciyarwa.

Mataki na biyu shi ne na aman kansa, wanda yakan zo kwatsam ya ɗauki kwana ɗaya ko biyu, wani lokaci fiye da haka. Mutum zai yi ta amai sau da yawa cikin awa guda har abin da ke cikinsa ya ƙare ya koma kakari, gumi ya rufe shi, ciwo ya murɗe shi a saman cibiya ko ƙasan ƙirji, ko ruwa ya kurɓa ba ya zama. A nan ne alamar da ta fi bambanta wannan ciwo take bayyana, domin marar lafiyan yakan gano da kansa cewa idan ruwan zafi ya taɓa jikinsa aman yana lafawa, sai ya dinga wanka sau da yawa a yini. A ƙasashen da famfo ke kawo ruwan zafi, mutum yakan shige banɗaki ya yi sa'o'i ba wanda ya sani, amma a gidan da sai an hura gawayi ko itace an ɗora tukunya an juye a bokiti, abin ba ya ɓuya: mutanen gida za su ga saurayi yana neman a dafa masa ruwa da asuba, da hantsi, da azahar, da tsakar dare, gawayin da aka saya na mako ya ƙare cikin kwana biyu, ya fito daga makewayi da ɗan sauƙi, kafin jikinsa ya huce ya sake durƙusawa yana kakari. A lokacin hunturu, da kowa ke wanka da ruwan ɗumi, ana iya kasa lura da wannan, amma a watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi a Bawku yake haura digiri 40, duk wanda yake neman tafasasshen ruwa da rana tsaka ya ba iyalinsa dalilin yin tambaya.

Mataki na uku shi ne na samun sauƙi, inda aman yake tsayawa, cin abinci ya dawo, jiki ya murmure, yawan wankan ma ya ragu. Wanda ya daina wiwi daga nan ya rabu da ciwon ke nan, wanda kuwa ya koma mata, bayan makonni ko watanni zai sake komawa mataki na biyu.

Dalilin da mai hana amai take jawo amai

Sinadarin da ke sa maye a wiwi shi ake kira THC, wanda Raphael Mechoulam da Yechiel Gaoni suka tace shi a Isra'ila a 1964. Daga baya aka gano cewa jikin ɗan Adam yana da wasu ƙananan makarɓai a ƙwaƙwalwa da jijiyoyin hanji, wato wuraren da sinadari yake maƙalewa ya isar da saƙo, waɗanda aka sa wa suna CB1, kuma jiki yana da nasa sinadaran da yake amfani da su ta waɗannan makarɓai wajen daidaita yunwa da tashin zuciya da zafin jiki. Idan THC kaɗan ya shiga jiki na ɗan lokaci yana danne cibiyar amai da ke ƙwaƙwalwa, shi ya sa tun 1985 aka amince a Amurka da wani magani da aka haɗa daga gare shi don masu ciwon daji da magani ke sa su amai. Saboda haka maganar da masu sha suke yi cewa wiwi tana kwantar da zuciya tana da tushe, kuma wannan tushen ne yake yaudararsu.

Bayanin da masana suka fi karkata gare shi shi ne, idan aka shekara ana cika waɗannan makarɓai da THC dare da rana, sukan ragu kuma su dushe, tsarin da jiki yake bi wajen hana amai ya rikice, a lokaci guda kuma sinadarin yana rage saurin da tumbi yake tura abinci zuwa hanji. THC yana narkewa a kitse ya taru a jiki, shi ya sa mai yawan sha yakan yi makonni bayan ya daina ana ganin alamarsa a fitsarinsa, shi ya sa kuma dainawar kwana biyu ko uku ba ta isa a gane ko ciwon ya tafi. Game da ruwan zafi, akwai wasu makarɓai a fata da hanji masu suna TRPV1, waɗanda zafi yake motsa su kamar yadda yajin barkono yake yi, kuma motsa su yana danne saƙon amai na ɗan lokaci. Wankan yana kawo sauƙi na mintoci ne kawai, yana kuma ƙara fitar da gumi daga jikin da ruwa ya riga ya ƙare masa.

Haɗarin da ke tattare da shi

Babban haɗarin ciwon shi ne bushewar jiki. Mai amai ba tsayawa yana zubar da ruwa da gishirin jiki, musamman fotasiyam, wanda zuciya take bukata don bugawa daidai, kuma idan ruwa ya yi ƙasa sosai ƙoda tana iya tsayawa farat ɗaya. Yawan kakari yana iya tsaga fatar bututun abinci har a ga jini a cikin amai, ruwan tumbi mai tsami yana cinye haƙora, tafasasshen ruwa kuma yana ƙona fata. Mujallun likitanci sun kawo rahoton matasan da suka rasu sanadiyyar wannan ciwo. A arewacin Ghana zafin bazara yana ƙara wannan haɗari, haka ma azumi idan ya faɗo a lokacin zafi, kuma shari'a ta ba marar lafiya irin wannan damar ajiye azumi ya rama daga baya. Alamun da ke nuna lallai a garzaya asibiti su ne ɗaukewar fitsari ko ƙarancinsa, jiri idan an miƙe, bugun zuciya da sauri, jini a amai, ruɗewa, da kasa riƙe ruwa a ciki na tsawon yini. A Bawku, inda rikici ya sa gwamnati ta sha kafa dokar hana fitar dare, hikima ita ce a kai marar lafiya tun da rana, kada a jira sai abin ya tsananta cikin dare.

Abin da ke sa a kasa gane shi

Babu wani gwajin jini ko hoton ciki da yake nuna ciwon aman wiwi kai tsaye, ana gane shi ne ta tarihin marar lafiya bayan an tabbatar ba wata cuta ce ba. Ma'aikacin lafiya a asibitin gwamnati na Salaga ko na Yendi, ko asibitin Presbyterian na Bawku, idan aka kawo masa mai amai dole ne ya fara da abin da ya fi yawa kuma ya fi saurin kisa: zazzaɓin cizon sauro, taifot, kwalara, sanƙarau a lokacin zafi, gyambon ciki, afendis, ciwon hanta, ciwon sukari da ya tashi, da juna biyu idan mace ce. Wannan shi ne daidai, domin mai shan wiwi ma yana kamuwa da waɗannan cututtuka. Inda matsala take shi ne a yankin da sauro ya yi yawa ana iya samun ƙwayar zazzaɓi a jinin mutum ba tare da ita ce ta kwantar da shi ba, sai a yi masa maganinta, a yi masa ƙarin ruwa, aman ya lafa don lokacin lafawarsa ya yi, kowa ya ɗauka an gano ciwon, bayan wata biyu a sake dawowa.

Daga nan sai iyali su shiga yawon neman magani, daga shagon magani zuwa asibiti, daga asibiti zuwa Asibitin Koyarwa na Tamale ko asibitin yanki na Bolgatanga, ana kashe kuɗin mota da na gwaji, idan kuma kowane gwaji ya nuna babu komai sai zargi ya koma kan sammu ko iska ko wani maƙiyi a cikin dangi. Duk wannan yana faruwa ne saboda magana ɗaya ba ta fito ba. Saurayin da mahaifinsa ko yayansa yake tsaye a kansa ba zai ce yana shan wiwi ba, mace kuwa abin ya fi yi mata nauyi, ga tsoron kada maganar ta kai ga 'yan sanda. Saboda haka ya kamata ma'aikacin lafiya ya keɓe da marar lafiya, ya tabbatar masa cewa sirrinsa a rufe yake, ya tambaye shi cikin mutunci: "Ɗan'uwa, kana shan wi? Sau nawa a mako, tun yaushe? In ka yi wanka da ruwan zafi kana jin sauƙi?" Shi ma marar lafiya ya san cewa ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Magani na lokacin tashin ciwo da magani na dindindin

A lokacin da aman ya taso, abu na farko shi ne mayar wa jiki ruwa. Idan marar lafiya yana iya kurɓa, a ba shi ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan, ko na ƙunshi da ake sayarwa, ko a haɗa lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Idan ba ya zama, sai ƙarin ruwa ta jijiya a asibiti tare da duba ƙoda da gishirin jini. Magungunan hana amai da aka saba da su sau da yawa ba sa aiki sosai a kan wannan ciwo, amma bincike ya nuna haloferidol, wanda aka fi saninsa a ɓangaren masu taɓin hankali, yana taimakawa idan likita ya ba da shi kaɗan yana sa ido. Ana kuma shafa wani man da aka haɗa da kafsaisin, sinadarin da ke sa barkono yaji, a fatar ciki, domin yana yin aikin da ruwan zafi yake yi. Wannan man kanti ne da aka auna ƙarfinsa, kuma kuskure ne a daka barkono a shafa wa marar lafiya. Tiramol da kodin da danginsu suna ƙara tashin zuciya suna kuma daskarar da hanji, ga kama mutum da suke yi, don haka wanda ya nemi sauƙin ciwon ciki a wurinsu ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago.

Maganin dindindin ɗaya ne, shi ne barin wiwi gaba ɗaya. Rage yawanta ko sauya nau'i ko komawa shan ta a shayi ba ya raba mutum da ciwon. Barin ta kuma yana da wuya, domin kimanin mutum 1 cikin 10 na waɗanda suka taɓa sha sukan kamu da ita, a cikin waɗanda suka fara tun suna samari kuwa kimanin 1 cikin 6, kuma wanda ya daina yakan yi mako ɗaya zuwa biyu yana fama da rashin barci da saurin fushi da rashin cin abinci da munanan mafarkai. Waɗannan alamu suna wucewa, amma a cikinsu ne mafi yawa suke komawa ruwa, don haka a lokacin ne mutum ya fi bukatar wanda zai tsaya masa. Manyan asibitocin ƙwaƙwalwa na gwamnatin Ghana guda uku, na Akra da Pantang da Ankaful, duk suna kudu, amma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta 2012 ta tanadi a kai wannan hidima kusa da jama'a, kuma asibitocin gundumomi suna da ma'aikatan jinya na wannan fanni da za a iya neman shawararsu.

Nauyin da ya rage yana kan al'umma. Iyayen da suka gane halin ɗansu, idan suka kore shi ko suka tozarta shi a gaban jama'a, sun mayar da shi majalisar da ya koyi sha, idan kuwa suka rufa masa asiri suka raka shi asibiti, sun ba shi hanyar fita. Limamai da sarakunan zango da shugabannin matasa a Salaga da Yendi da Bawku suna da bakin da ake saurara, kuma ya dace su haɗa wa'azin haramcin maye da wannan bayani na lafiya, ma'aikatan asibiti su saba da yin tambayar nan ga duk mai aman da ke zuwa yana komawa, masu shagon magani kuma su daina sallamar irin wannan mutum da ƙwayoyi su tura shi wurin likita. Wanda kuma yake shan wiwi, yake tashi da tashin zuciya kowace safiya, yake samun sauƙi a ruwan zafi, ya gaya wa likita gaskiya tun ƙodarsa tana da lafiya, domin ciwonsa yana warkewa sarai idan ya daina sha.